Tankin kifin ruwan gishiri bayan ɓarkewar cuta: a hutar da shi, a wanke da bilic, ko a shanya?

Kifayen sun mutu, ko kuwa an kwashe waɗanda suka rage zuwa tankin jinya. Babban tanki na nan, famfo na ta aiki, ruwa garau kamar babu abin da ya faru. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su zuba sababbin kifaye bayan mako biyu, cutar ta dawo sabuwa fil. Hasken ruwa ba shaidar lafiyarsa ba ne, domin abin da ake yaƙi da shi ba ya yawo a cikin ruwan a yawancin rayuwarsa. Yana manne ne a dutse, a yashi, a jikin gilashi da cikin bututu.

Ɗauki ƙwayar da ke kawo fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa wa kifi gishiri, wato Cryptocaryon irritans. Tana cin jikin kifi kwana 3 zuwa 7, sai ta saki ta faɗo ƙasa, ta yi 'yan sa'o'i tana rarrafe, ta manne wa wani abu mai tauri ta yi wa kanta ƙwanso. A cikin ƙwanson take rarrabuwa ta zama ɗaruruwa. Idan ya fashe 'ya'yan sukan fito suna iyo, kuma in ba su sami kifi ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sun mutu. Mai iyon ba shi da wuyar kashewa. Ƙwanson ne matsala: galibi yakan fashe tsakanin kwana 3 da 28, amma an taɓa ganin wanda ya kai kwana 72. Duk hanyar da ba ta taɓa ƙwanso ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Abubuwan da za ka auna kafin ka zaɓa

Na farko, kuma shi ya fi komai nauyi: me ake nufi da cewa tankin babu komai? Akwai tankin da kifi kawai ya rasa, amma da murjani a ciki, da jatan lande, da ƙaguwa, da dodon koɗi, da dutse mai rai wanda ya shekara yana tara bakteriyar da ke tace ruwa. Akwai kuma wanda gilashi ne da famfo da busasshen dutse, kamar wanda aka saya na hannu. Hanyar da ta dace da ɗaya ɓarna ce ga ɗayan.

Na biyu, wace cuta ce ta shiga? Ban da mai fararen ɗigo, akwai Amyloodinium ocellatum, wadda ke yi wa kifi lulluɓi kamar ƙura mai ruwan zinariya, ta kama wurin numfashinsa, ta iya share tanki cikin kwana biyu ko uku. Ita ma tana yin ƙwanso, kowanne na iya fitar da 'ya'ya har 256, kuma 'ya'yanta sun fi na farkon jimirin zama ba kifi, sukan kai kamar mako biyu. Akwai Brooklynella hostilis mai sa fatar kifi ta yi ta zubar da yauƙi, wadda ta fi addabar kifayen Amphiprion. Akwai tsutsotsi masu faɗi irin su Neobenedenia da ke zuba ƙwai masu maƙalewa a kayan tanki. Dukkan waɗannan sai da kifi suke rayuwa. Wadda ta fita daban ita ce Uronema marinum, mai yi wa kifayen Chromis jan miki a gefen jiki. Ita ba ta damu da kifi ba, bakteriya da ruɓaɓɓen abinci sun ishe ta, don haka yunwa ba ta kashe ta.

Sauran ma'aunan su ne lokacin da za ka iya jira, kuɗin da za a kashe (har da na sayen abin da hanyar za ta lalata), tabbacin cewa sakamakon zai ɗore, wahalar aikin, da haɗarinsa ga kayan tanki da kuma lafiyarka.

Hutar da tanki ba kifi

Wannan ita ce hanyar yunwa. Ka bar komai yana aiki yadda ya saba, fitila da famfo da hita da na'urar tara kumfa, sai dai babu kifi ko ɗaya. Kowane ƙwanso zai fashe a lokacinsa, 'ya'yan su rasa abin kamawa su mutu. Murjani da jatan lande da dodon koɗi ba sa kamuwa, don haka suna nan abinsu.

Tsawon jiran ya danganta da cutar. Ga mai fararen ɗigo, adadin da aka fi dogara da shi kwana 76 ne, wato kwana 72 ɗin nan da ƙarin 'yan kwanaki don na ƙarshen da suka fito su mutu. Ga mai ƙurar zinariya da Brooklynella, mako 6 ya isa, kuma ƙwan tsutsotsin ma kan ƙyanƙyashe su mutu a cikin wannan wa'adi. Zafi na hanzarta fashewar ƙwanso, shi ya sa wasu ƙwararru ke rage jiran zuwa kwana 45 muddin ruwan bai sauka ƙasa da digiri 27 a ma'aunin Salshiyas ba dare da rana. Hujjarsu mai ƙarfi ce, tun da an ga kwana 72 ɗin ne a ruwa mai sanyi, kusan digiri 20. Duk da haka, idan ba ka tabbatar da wace cuta ce ba, ko hitarka na hawa da sauka, ka cika 76 ɗin. Wanda ya jure kwana 45, ƙarin wata ɗaya ya fi masa sauƙi a kan ya sake komawa farko.

Kuɗinta kusan babu, ban da wuta da gishirin canjin ruwa da dama kake saye. Wahalarta ba ta jiki ba ce, ta kiyayewa ce, kuma a nan take karyewa. Ƙaramin kifi guda da ya ɓuya a ramin dutse, ko ya bi magudana ya faɗa tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, ya isa ya riƙe cutar har ƙarshen wa'adin ba tare da ka ga ɗigo ko ɗaya a jikinsa ba. Ka haska tocila da daddare a kowane lungu, har bayan akwatin magudana, kafin ka fara ƙidaya. Ranar farko ita ce ranar da kifi na ƙarshe ya fita.

Sannan duk wani jiƙaƙƙen abu da ya shigo daga wani tanki mai kifi yana mayar da ƙidaya sifili. Sabon reshen murjani, guntun dutse, dodon koɗi guda, kowannensu na iya zuwa da ƙwanso a bayansa. Haka raga, bokiti, tiyo da ma hannunka idan ka tsoma a tankin jinya sannan ka tsoma a babban. Kowane tanki da kayansa. Ka kuma nisanta su kamar mita 3, domin feshin ruwa da kumfar iska ke watsawa na iya ɗaukar ƙwayar, musamman mai ƙurar zinariya.

Abu biyu ake yawan mantawa. Bakteriyar da ke mayar da amoniya ta zama abu marar cutarwa da kashin kifi take rayuwa, to yanzu babu kifin. Ka riƙa jefa ɗan abincin kifi, abin da yatsu biyu suka tsinta, kowane kwana biyu ko uku, don kada yawanta ya ragu. Na biyu shi ne yashi. Inda iska ba ta ratsawa, ƙwanso na iya dakatawa ya ƙi fashewa har sai iskar ta dawo. Idan yashinka mai kauri ne, ka riƙa motsa samansa kana zuƙe dattin da tiyo ɓangare-ɓangare, ka kuma hura ruwa cikin ramukan dutse. Kada ka birkice shi gaba ɗaya rana guda, domin tsohon yashi kan ɓoye iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke kashe murjani.

Idan wa'adi ya cika, akwai gwajin da ya cancanci wahalarsa. A samo baƙin kifin moli biyu da suka tashi a ruwan daɗi, a saba musu da gishiri a hankali, a sa su a tankin mako biyu zuwa uku. Ba su taɓa haɗuwa da cututtukan teku ba balle su yi garkuwa, kuma farin ɗigo ba ya ɓuya a baƙar fata. In sun fita lafiya, alama ce mai ƙarfi cewa tankin ya tsarkaka.

Ko an kiyaye komai, hanyar na da rauni guda: ba ta taɓa Uronema.

Bilic

Wannan ita ce ta a yi ta ta ƙare. Kulorin da ke cikin bilic na kashe ƙwanso, da mai iyo, da ƙwan tsutsa, da Uronema, da bakteriya mai cutarwa. Yana kuma kashe mai amfanin, da duk wani rai da ke cikin dutse. Bayansa tankinka sabo ne, da duk abin da sabunta ke jawowa.

An gwada an ga miligiram 60 na kulorin a kowace lita, na tsawon sa'a 24, yana kashe ƙwanson mai fararen ɗigo. Bilic na wanki mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 yana da kusan miligiram 50,000 a lita, don haka a lissafi mililita 120 ta isa lita 100 ta ruwa. A aikace datti na cinye kulorin da sauri, kuma tsohuwar kwalba da ta sha zafi ta riga ta rage ƙarfi. Shi ya sa ya fi kyau a fara da mililita 4 a kowace lita, wato mililita 400 a lita 100, abin da ke ba da kusan miligiram 200. Ka nemi zallarsa, wanda ba turare, ba sabulu, ba abin kaurarawa, domin waɗancan sukan bar saura da ɗauraya ba ta fitarwa.

Ga tsarin aikin. Kwashe duk mai rai. Zubar da yashi, soso, audugar tacewa da gawayin tace ruwa, domin wanke su ya fi sayen sababbi wahala. Zubar da ruwan gishirin kaf. Wannan na da dalili: ruwan teku na ɗauke da sinadarin buromaid, kulorin kuma na mayar da shi buromin, ya rikita maka awo. Idan akwai ɓawon farar ƙasa mai ruwan hoda a gilashi da famfo, ka fara jiƙa shi da ruwan khal rabi da rabi da ruwa, ka kankare, tun da ƙwanso na fakewa a ƙarƙashinsa. Ka ɗauraye sosai kafin bilic ya shigo. Bilic da khal, ko kowane abu mai tsami, in sun haɗu sukan tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Bilic da amoniya ma sukan tayar da iska mai guba. Buɗe tagogi, sa safar hannu da tabarau.

Sai ka cika da ruwan famfo, ka zuba bilic, ka kunna dukkan famfuna don ya zaga bututu da tankin ƙasa. Bayan 'yan sa'o'i ka auna da takardar gwajin kulorin mai karanta adadi mai yawa, in ya sauka ƙasa da miligiram 60 a lita ka ƙara. Bayan sa'a 24 ka zubar, ka sake cikawa, ka zuba maganin kashe kulorin, wato sodiyam tayosalfet. Kusan giram 7 ake bukata ga kowane giram na kulorin da ya rage, shi ya sa zubar da ruwan farko ke rage kashe kuɗi. Bar shi ya zaga, zubar, maimaita har gwaji ya nuna sifili kuma hanci bai ji komai ba, sannan a bar shi ya bushe.

Dutse kuwa a wani baho daban za a yi shi, kwanaki da dama har zuwa mako, ana ƙara bilic yayin da matattun abubuwan cikinsa ke cinyewa. Fitar da kulorin daga ramukansa ma ta fi ɗaukar lokaci.

Bilic ɗin kansa mai araha ne. Tsadar tana bayansa: sabon yashi, gishirin cika tanki duka, kayan tacewa, da darajar dutse mai rai da ya koma farin dutse kawai. Lokacin ma ba gajere ba ne yadda ake zato. Wankin kwana 2 zuwa 3 ne, amma sake raya bakteriya kan ci mako 4 zuwa 6, har sai tankin ya iya cinye amoniya miligiram 2 a lita cikin sa'a 24 ba tare da naitirait, gubar da amoniya ke fara komawa, ta taru ba. Bakteriyar da ake sayarwa a kwalba na rage wannan jiran. Game da kaya, gilashi da silikon na jure wannan ƙarfin na kwana ɗaya. Abin da ke wahala shi ne zoben roba da ƙarfen cikin wasu famfuna idan aka bar su kwanaki a ruwa mai ƙarfi.

Shanyawa, ruwan daɗi da zafi

Waɗannan ukun ba sa bukatar sinadari, kuma kowanne na kashe ƙwanson mai fararen ɗigo: bushewa ta sa'a 24, ruwan daɗi na sa'a 3, ko zafin digiri 40 na sa'a guda. A takarda sun fi kowace hanya kyau. Matsalarsu ita ce ko sun kai ga inda ƙwanson yake.

Shanyawa ba ta da tamka ga abu mai santsi: gilashi, bokiti, raga, jikin hita, ma'aunin zafi. Amma ƙidayar sa'a 24 tana farawa ne daga lokacin da abin ya bushe ƙayau, ba daga lokacin da aka tsiyaye ruwa ba. Kwance famfo ka duba ramin da farfelarsa ke juyawa, za ka tarar da ruwa kwance bayan kwana uku. Haka lanƙwasar bututu da kusurwar silikon. Ka warware komai, ka goge, ka sa fanka, ka ba shi kwana 3. Dutse mai ramuka na iya bushewa a waje cikinsa na da danshi har makonni.

Ruwan daɗi na shiga bututun da iska ba ta shiga, amma a cikin dutse gishirin da ke ramuka a hankali yake fita, sai an jiƙa kwanaki ana canja ruwa. Mai ƙurar zinariya kuma tana jure ƙarancin gishiri sosai, don haka ba a dogara da shi shi kaɗai a kanta. Haɗa shi da shanyawa ya fi: a zaga ruwan daɗi kwana biyu, a zubar, a busar.

Zafi ya fi wuya. Yawancin hitocin tanki ba sa wuce digiri 32 zuwa 34, kuma sai tsakiyar dutse da ƙasan yashi sun kai 40 ɗin, ba ruwan sama kaɗai ba. Ko kusa kada ka dafa dutsen teku ko ka zuba masa tafasasshen ruwa. Wasu halittu masu kama da fure na jinsin Palythoa da ke tsirowa a kansa na ɗauke da gubar falitoksin, tururinta ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti.

Hanyoyin da suke kama da mafita

Maganin jan ƙarfe na tankin jinya ne. Mai iyo yake kashewa, ba ya ratsa ƙwanso, kuma a tankin da ba kifi mai iyon dama mutuwa zai yi da kansa. Abin da za ka samu shi ne dutse da yashi su shanye shi, su riƙa sakinsa daga baya suna kashe murjani da jatan lande. Fitilar UV, mai kashe ƙwayoyin cuta da haske, ruwan da ya ratsa ta kawai take tsarkakewa, ƙwanso kuwa ba ya ratsa ta. Rage gishiri zuwa 1.009 a ma'aunin nauyin ruwa na tsawon kwana 30 yana aiki a kan mai fararen ɗigo, amma yana kashe murjani da ƙananan halittun dutse, kuma mai ƙurar zinariya na tsallake shi. A tankin da ba kifi, asarar bilic ce ba tare da tabbacin bilic ba.

| Hanya | Lokaci | Kuɗi | Abin da ke tsira | Inda take gazawa |
|---|---|---|---|---|
| Hutar da tanki | Mako 6 zuwa kwana 76 | Kaɗan ƙwarai | Murjani, dutse mai rai, bakteriya | Uronema, ɓoyayyen kifi, jiƙaƙƙen kaya |
| Bilic | Kwana 2 zuwa 3, sai mako 4 zuwa 6 na raya bakteriya | Arha a farko, tsada a sake ginawa | Babu | Datti mai cinye kulorin, saura da ba a kashe ba |
| Ruwan daɗi da shanyawa | Kamar mako guda, dutse ya fi haka | Kusan babu | Babu | Danshi a bututu da ramukan dutse |
| Zafin digiri 40 | Sa'a guda bayan ko'ina ya kai | Sai hita ta daban | Babu murjani ko jatan lande | Tsakiyar dutse da ƙasan yashi |
| Rage gishiri | Kwana 30 | Kaɗan | Bakteriya, in an sauke a hankali | Mai ƙurar zinariya |

Wa ya dace da wace

Idan tankinka na da murjani ko dutse mai rai da ka ɗauki shekaru kana reno, kuma cutar mai fararen ɗigo ce, mai ƙurar zinariya ko Brooklynella, ka hutar da shi. Kwana 76 in ɗigo ne ko ba ka sani ba, mako 6 in ka tabbata ɗaya daga sauran biyun ne. Kifayen da suka tsira kuwa dole a yi musu cikakken magani a tankin jinya, domin wanda ya warke da kansa na iya ɗauke da ƙwayar a wurin numfashinsa ya dawo maka da ita.

Idan jan miki ka gani a jikin Chromis, ko kifaye sun yi ta mutuwa ba a gano dalili ba kuma babu murjani mai daraja a ciki, bilic ne. Mai murjanin da Uronema ta shigar masa yana da zaɓi mai ɗaci: ko ya rushe ya fara daga farko, ko ya zauna da ita, ya tsaftace ruwa sosai ya daina kiwon Chromis da sauran kifayen da ta fi kamawa.

Tankin da aka saya na hannu, wanda ba a san tarihinsa ba: khal, ɗauraya, bilic, shanyawa, a jere haka. Tankin jinya tsakanin rukunin kifi da na gaba, shi ma bilic sannan kwana 3 na bushewa, soson cikinsa kuma a jefar.

Wanda ke da tanki marar dutse da yashi, ya tabbata ɗigo ne kawai, kuma ba ya son sinadari a gida mai yara ko mai ciwon ƙirji, ruwan daɗi da shanyawa sun ishe shi, muddin ya kwance kowane famfo da bututu ya ga bushewarsu da idonsa.